A Bar Furen Turai, A Shuka Baurairai

Akwai wani fure da Turawa ke ji da shi ƙwarai, suna kiransa rawanin Turkawa. Dalilin sunan kuwa, furen yakan sunkuyar da kai ƙasa, ganyayensa shida su lanƙwashe baya kamar naɗin rawani. Asalinsa daji ne na duwatsun Turai, har zuwa Saberiya da Mongoliya. Duk mai lambun da ya yi sha'awar sayo irinsa daga waje, ya kamata ya dakata ya yi tunani tukuna.

Shi wannan fure yana da kai kamar na albasa. Kan nan ba ya tsira sai ya yi watanni kwance cikin ƙasa mai tsananin sanyi, irin sanyin ƙanƙara. Hunturun Kano ko na Zariya bai kai nan ba, balle a zo ga zafin bazara. Ko a can garinsu ma, in aka shuka ƙwayarsa sai a shekara 5 zuwa 7 kafin a ga fure. Ashe wanda ya zuba kuɗinsa a nan ya yi shuka a idon makwarwa.

To, ga ɗan'uwansa a kama nan cikin dajin ƙasar Hausa, watau baurairai, wanda waɗansu ke kira gatarin kurege. Furensa ja da rawaya ne, shi ma a lanƙwashe baya. Mutanen Zimbabuwe sun ɗauke shi furen ƙasarsu. A jihar Tamil Nadu ta Indiya kuwa gonaki ake yi masa, ana sayar da ƙwayar ga masu haɗa maganin ciwon gaɓoɓi.

Renonsa ba wuya. Da saukar damina a sami jigawa inda ruwa ba ya kwanciya, a kwantar da saiwar a gicciye, zurfin kamar inci 3. A yi hankali da tsininta, gama can idon yake, in ya karye ba ta tsira. A kafa masa kara, don da bakin ganyensa yake kama abu ya hau. In kaka ta yi ya bushe, a daina ba shi ruwa sai wata damina.

Amma fa a kiyaye, baurairai guba ne tun daga saiwa har ƙwaya. Saiwar ta yi kama da 'yar doya, a ƙasashe da dama mutane sun ci bisa kuskure sun mutu. Saboda haka kada a shuka shi kusa da dankali ko rogo, ko inda yara da awaki ke kai da kawowa. Wanda ya taɓa saiwar ya wanke hannu da sabulu, kada kuma kowa ya jiƙa ta ya sha da sunan magani.

Mai lambu ya riƙe kuɗinsa ya sayi taki, ya ƙawata gidansa da abin da ƙasarsa ta sani. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.