Ƙwallon Ƙafa Sana'a Ce, Tana Bukatar Masu Ilmin Ciniki

Sanin kowa ne a ƙasar Yawuri cewa wanda ya kama kifi ba lalle ne shi ke cin ribarsa ba. Masunci yakan kwana a kan Tafkin Kainji, amma kaso mafi tsoka sai ya faɗa hannun wanda ya san farashi, ya san hanyar kasuwannin Kudu, ya kuma iya lissafi. To, haka al'amarin ƙwallon ƙafa yake. A Yelwa da Wara da Shanga babu ƙarancin samari masu ƙafa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutanen da suka karanta yadda ake juya wannan wasa ya zama dukiya.

Ga misali guda. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, watau FIFA, tana da doka cewa idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, za a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tun yana shekara 12 har zuwa 23. Ƙungiyar da ta riƙe yaro shekaru huɗun farko tana da kashi 1 cikin 100. Ke nan in an sayar da shi dala miliyan 2, dala 20,000 hakkinta ne. Tun 2022 hukumar ta buɗe ofishi na musamman a birnin Faris don isar da irin wannan kuɗi ga masu shi. Amma fa sharaɗin shi ne ƙungiyar ta kasance tana da rajista, sunan yaron kuma yana cikin littafin hukumar ƙwallo ta ƙasa. Ƙungiyar unguwa da ba ta ajiye takarda ba, ta yi wa wani noma ke nan, ko da ɗan da ta rena ya kai Turai.

Turawa sun daɗe da gane wannan. Tun 1997 Jami'ar Libaful ta Ingila ta buɗe digiri na biyu a kan tafiyar da kasuwancin ƙwallon ƙafa. A shekarar 2000 kuma aka soma wani kwas ɗin da FIFA ke mara wa baya, wanda ɗalibai ke yi a Ingila da Italiya da Suwizalan. Ba a koyar da buga ƙwallo a can. Ana koyar da tsara kasafin kuɗi, da dokokin kwangila, da neman kamfanonin talla, da cinikin nuna wasa a talabijin, da kula da filin wasa.

Tarihin Kano Pillars ya isa darasi. An kafa ta a 1990, ta ci gasar Nijeriya a 2008, ta kai wasan kusa da na ƙarshe na zakarun Afirka a 2009, sa'an nan ta sake cin gasar gida sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Da wuya a sami ƙungiyar da ta fi ta magoya baya, amma duk da haka ta faɗa rukuni na biyu a 2022, kuma baitulmalin Jiha ne ke ɗauke da ita, kamar yawancin takwarorinta. Alhali kuwa Remo Stars ta garin Ikenne, wadda ba ta gwamnati ba ce, ta ɗauki kofin a 2025. Naɗa Ahmed Musa babban manajan Pillars da aka yi a 2025 ya nuna an soma neman gyara, sai dai ɗan wasa, kome ƙwarewarsa, yana bukatar akanta da lauya da masanin talla a gefensa.

Wani zai ce Jihar Kebbi ta fi bukatar likitoci da malaman makaranta. Gaskiya ne, kuma wannan ita ce babbar hujjar koyar da wannan ilmi. Duk nairar da ƙungiyar ƙwallo ta samo da kanta, naira ce da ta rage wa asibiti da makaranta.

Ba sai an tafi Ingila ba. Jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo duk suna ba da digiri na biyu a fannin tafiyar da kasuwanci. Ya kamata ɗaya daga cikinsu ta buɗe reshen harkar wasanni a cikinsa, Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi kuma ta shirya gajeren kwas ga sakatarorin ƙungiyoyi. Ita kuwa Gwamnatin Jiha, sai ta riƙa ba jami'an wasanni na ma'aikata da na ƙananan hukumomi hutun karatu, da sharaɗin in sun dawo aikinsu na farko shi ne yi wa ƙungiyoyin Yawuri da Ngaski da Shanga rajista, kowane yaro da sunansa da shekarunsa na gaskiya.

Ɗaliban da suka karanta lissafin kuɗi ko shari'a, suke zaune jiran aikin ofis, su ma su duba wannan ƙofa. Cikin yara ɗari da wuya ɗaya ya zama shahararren ɗan wasa, amma kowace ƙungiya tana bukatar mai riƙe mata alƙalami. Allah ya sa hukumomin da abin ya shafa su gane.