Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

Jama'a, yau da gwamnati nake, kuma ba zan ɓoye ba. Wai shin idan an ce an ware wa talaka jari, wane talakan ake nufi?

A shekarar 2020, bayan kullen korona, Gwamnatin Tarayya ta ware naira biliyan 75 don ceto ƙananan sana'o'i. Aka ce kashi 45 cikin ɗari na mata ne, kashi 5 na naƙasassu. Aka ce mai sana'ar hannu zai samu naira 30,000. Muka ji a rediyo a nan Lausu, muka ce madalla. Sai da aka zo sharuɗɗa muka sha jinin jikinmu. Sai mutum yana da asusun banki da lambar BVN. Mai neman tallafin biyan ma'aikata sai ya yi rajistar kamfani, kuma ta intanet zai cike takarda.

To, ga Gwaggona. Shekara talatin tana matsar man gyaɗa tana suyar ƙuli-ƙuli a cikin gida, da shi ta riƙe marayu huɗu. Ba ta taɓa taka ƙofar banki ba. Ɗanta ya tafi Rano wurin wani mai shagon kwamfuta, ya biya kuɗin mota, ya biya na cike takarda, har yau shiru. Da na tambaye ta sai ta ce, "Ɗan nan, ai jarin nawa ne ya ƙare a neman nasu."

Haba! Ina amfanin ware wa mata kaso, alhali matar da za ta iya cika sharaɗin ita ce mai shago a birni da babbar waya a hannu? Makahon da ke tufkar igiya a Kibiya, wa zai karanta masa abin da ke cikin intanet? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Na san za a ce idan babu takardu ɓarayi za su wawashe kuɗin. Gaskiya ne dukiyar jama'a tana son tsaro. Amma ku gaya mini, wa ya fi ɓarawon biro tara takardu? Shi a wuni ɗaya zai haɗa su. Mai gaskiyar ƙauye ce ba ta da ko ɗaya.

Kuma ba yau aka fara ba. A 1989 gwamnatin Babangida ta kafa Bankin Al'umma don bai wa talaka rance ba tare da jingina ba, a 2000 aka narkar da shi cikin wani bankin. Suna ake canzawa, ƙishin yana nan.

Shawarata ita ce ma'aikata su bar ofis su zo ƙauye da ƙafarsu, da mata a cikinsu don shiga gidaje. A tara mai unguwa da liman da uwar adashi, su shaidi mai sana'a a bainar jama'a, a kira sunaye kowa yana ji. Adashinmu ba shi da takarda, amma ba a cika cinye shi ba, domin akwai kunyar ido.

Duk wanda aka ɗora wa rabon hakkin marayu, ya tuna akwai ranar hisabi. Allah Ya sa mu dace, amin.