SAI BANGO YA TSAGE

Jama'a da yawa suna tsammanin maganar da soja suka aika ta tauraron ɗan'adam ta fi ƙarfin ɓarawo, tun da yake tauraron yana can sama, nisan mil 22,000 da ɗoriya. Mu dai ba mu yarda da wannan zato ba, ga kuwa dalilinmu.

Ran 24 ga Fabrairu, 2022, kamar sa'a guda kafin rundunar Rasha ta auka wa ƙasar Yukren, sai dubban akwatunan karɓar saƙo na tauraron KA-SAT, mallakar kamfanin Viasat na Amurka, suka mutu gaba ɗaya. Sojan Yukren na cikin masu aiki da su. Ɓarnar ta kai har Jamus, inda aka kasa lura da injuna 5,800 masu samar da lantarki daga iska. A watan Mayu na shekarar, Ingila da Amurka da Tarayyar Turai suka ce aikin Rasha ne.

To, abin lura shi ne, ba wanda ya taɓa tauraron. Ta ƙasa aka shigo. Wata na'urar tsaron ƙofa ce aka daidaita ta ba daidai ba, maharan suka bi ta nan, suka aika da umurnin da ya shafe ƙwaƙwalwar akwatunan.

Ba kuwa yau aka fara ba. A 2009 aka gane 'yan tawayen Iraƙi suna kallon hotunan da jiragen Amurka marasa matuƙi ke aikowa, da wata manhaja ta dala 26 kacal, domin ba a kulle hotunan da asirtaccen rubutu ba.

Kowane akawu ya sani, kome ƙarfin akwatin baitulmali, in an bar mabuɗi a kan tebur, aikin banza ne. Saboda haka muna ganin wajibi ne ga duk gwamnatin da sojanta ke dogara ga tauraro, har da tamu, ta kulle kowane saƙo, ta riƙa binciken tashoshin ƙasa, ta kuma ajiye rediyo ko waya don ranar da sama ta yi shiru. Ku kuma malamai, ku horar da yara a kan lissafi da riƙon amana, gama su ne masu gadin gobe.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Allah ya kiyashe mu da sakaci, amin.