Motar da Take Dawo da Mai Ita Gida

A watan Janairun 1997 tseren motocin hamada da duniya ta sani da sunan Dakar ya tashi daga babban birnin Sanagal, ya nuso gabas har Agadas, ya yada zango, sannan ya juya ya koma inda ya fito. Sunan garinmu ma aka maƙala wa tseren na wannan shekarar. Wanda ya zo na ɗaya a ɓangaren motoci shi ne Kenjiro Shinozuka, cikin Mitsubishi Pajero, kuma kafin shi babu mutumin Japan da ya taɓa cin wannan gasa. Duk wanda ya yi wayo a lokacin yana tuna ƙurar da ta turnuƙe gari, da jiragen da suka cika filin jirgi, da makanikan Turawa da suke kwana ƙarƙashin fitila suna sauke inji suna mayarwa kafin asuba. Ashe zuwan ƙarshe ke nan. A shekarar 2000 tseren ya iso Yamai, aka ce akwai barazana a arewa, sai aka loda motocin a manyan jiragen Antonov aka tsallaka da su Sabha ta Libiya. Tun daga nan bai sake taka Agadas ba.

Dangantakar ta daɗe. Tseren farko, wanda Thierry Sabine ya fitar daga Paris ranar 26 ga Disamban 1978, ta Tamanraset ya gangaro ya shigo mana. A 1983 aka fara ratsa Tenere, guguwar yashi ta tashi, kusan mutum 40 suka ɓace, aka kwashe kwanaki ana nemansu kafin a tattaro su. Marigayi Mano Dayak, wanda filin jirginmu ke ɗauke da sunansa yau, yana cikin waɗanda suka buɗe wa baƙi ƙofar Abzin da Tenere da kamfaninsa Temet Voyages. A waɗannan shekarun ne kuma samarin Turai suke tuƙo tsofaffin Peugeot 504 ta Asamaka da Arlit, su sayar a nan ko su wuce Tawa da Yamai, su koma gida a jirgi. Mutanen Agadas sun ga mota iri-iri, sun kuma ga wadda take kai labari da wadda ake bari a rairayi.

Abin da na daɗe ina nazari a kai shi ne wannan. Mitsubishi ta ci Dakar sau 12, tun daga nasarar Patrick Zaniroli a 1985, har da shekara bakwai a jere daga 2001 zuwa 2007. Toyota kuwa ba ta zo ta ɗaya a jerin motoci gaba ɗaya ba sai 2019, lokacin da Nasser Al-Attiyah ya ci da Hilux, tseren ma ya riga ya bar Afirka. Da kofi ne ke sayar da mota, da Pajero ta cika tashar Dirku. Amma je ka tsaya inda ayarin motoci ke haɗuwa, ka ƙirga: Hilux da Land Cruiser za ka yi ta gani. Mutanen da suka fi kowa ganin motocin tsere ido da ido su ne suka ƙi sayen mota don sunan da ta yi a tsere.

Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. Motar tsere tana tafe da babbar mota cike da kayan gyara a bayanta, da makanikai, da jirgi mai saukar ungulu a sama. Direban Agadas kuwa daga shi sai karen motarsa, da jarkokin ruwa, da akwatin sifana. Abin da yake buƙata inji ne da zai iya buɗewa a tsakiyar rairayi ya gane abin da ke damunsa. Land Cruiser samfurin 70 ta fito a 1984, har yau kuma ana ƙera ta. Injinta na gazuwal da ake kira 1HZ, wanda ya zo a 1990, silinda shida ne a jere, lita 4.2, ba turbo, famfon mansa na ƙarfe ne zalla ba kwamfuta a ciki. Ƙarfinsa bai wuce doki 130 ba, ƙaramar motar birni ma tana iya wuce shi a kwalta. Sai dai yana haƙuri da man da ba shi da tsabta, yana jure zafin bazara, kuma duk makaniken da ya ƙware daga Arlit zuwa Damagaram ya san cikinsa. Maƙwabtanmu na Cadi sun ƙara wa Toyota suna a 1987, da suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum da irin waɗannan a-kori-kura, labarin kuma ya iso kowace majalisar shayi a arewa.

Na tashi na tarar da dattawan direbobi suna sayen mota kamar yadda Buzu ke sayen raƙumin da zai yi tafiyar Bilma: kafin ya duba haƙori da ƙafa, sai ya tambayi hannun wa ya fito, me ya ɗauka, wace hanya ya bi. Ba sa zuwa ganin mota da rana tsaka. Da sassafe ake zuwa, inji na sanyi, mai saye ya ɗora hannunsa a kai ya tabbatar ba a riga an ɗumama shi ba, sannan a tayar a gabansa. Ya tsaya bayan salansa ya ga launin hayaƙi: shuɗi na nufin inji na shan baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa na iya nufin ruwa na shiga inda bai kamata ba. Ya buɗe murfin lagireto ya ga ko akwai kumfa ko maiƙo. Ya shimfiɗa tabarma ya shiga ƙarƙashi da tocila, domin a nan gaskiyar motar hamada take. Ƙasarmu busasshiya ce, tsatsa ba ta cika cin ƙarfe ba, amma lodi yana karya shi. Motar da ta shekara tana ɗaukar mutum 25 da jarkokinsu a kan hanyar Libiya, shasinta na tsagewa kusa da inda aka ɗaure sifirin, a yi walda, a shafe da baƙin fenti da ƙura. Motar da ta zo ta tashar ruwa daga Turai kuma nata ciwon daban: gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara ya riga ya ci ƙarƙashinta, ko da samanta na ƙyalli. Bayan duk wannan sai a fita bayan gari a sa ta cikin yashi mai laushi, a sa giyar ƙarfi, ido na kan allurar zafi. Lambar kilomita da ke gaban sitiyari ba wanda yake kula ta, kowa ya san ana juya ta.

Kuma ba a sayen mota ba tare da makanike ba. Ba makaniken mai sayarwa ba, ba abokin dillali ba: naka, wanda zai ci gaba da ganin fuskarka, wanda idan ya ruɗe ka zai ji kunyar haɗuwa da kai a masallaci.

Wannan tsantseni yana da tushe, domin a nan lalacewar mota ba ɓacin rana ba ne kaɗai. A watan Oktoban 2013 motoci biyu suka lalace a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Da aka je, gawa 92 aka tarar, yawancinsu mata da ƙananan yara, mafi yawa daga Kance ta jihar Damagaram. Ƙishirwa ce ta kashe su. Ina tuna yadda gari ya yi tsit da labarin ya bazu, kuma har yau idan na ji wani yana cewa a lallaɓa, ai za ta kai, gabana sai ya faɗi.

A shekarar da ta biyo baya zinariya ta ɓulla a Jado da Cibarkaten, sai tsarin dattawa ya rushe. Kowa na son mota yau-yau. Mutum ya sayar da garke ko fili, dillali ya nuna masa kat-kat mai sabon fenti, ya biya bai ko leƙa ƙarƙashi ba. Motoci suka yi ta kwararowa daga Libiya bayan faɗuwar Gaddafi, wasu da takardu, wasu babu, wasu lambar da ke takarda daban da wadda ke jikin shasi. Wasu sun dace sun mayar da kuɗinsu cikin watanni. Da yawa kuwa kuɗin ya ƙare a gareji da ofishin duwan. Sai ga dokar hana safarar baƙin haure ta Mayun 2015, wadda aka tsananta aiki da ita daga 2016, motoci masu yawa suka shiga hannun hukuma suka yi shekaru a ajiye, rana na dukansu. An soke dokar a ƙarshen Nuwamban 2023. Mai saye a yau ya sani cewa motar da ta daɗe a tsaye robobinta sun bushe, tiyo-tiyonta sun tsage, ko da injinta ya tashi da bugu ɗaya.

Abin da ya sa nake wannan waiwaye shi ne samarinmu na yanzu. Waya ta kawo musu wata Japan ɗin daban, ta Nissan Skyline GT-R ta 1989, da Honda NSX ta 1990, da Toyota Supra ta 1993, da Mazda RX-7. Wani ɗan yayata ya nuna mini hoton Pajero Evolution, wadda Mitsubishi ta ƙera ƙwaya kusan 2,500 tsakanin 1997 da 1999 don ta cika sharaɗin shiga tsere, ya ce: “Kawu, ai wannan tamu ce, jinin Tenere ce.” Na fahimce shi, ban kuma ga laifinsa ba. Motocin nan injiniyoyi ne suka zuba basirarsu a ciki lokacin da Japan ke kan ganiyar arzikinta, kuma son abu mai kyau ba aibi ba ne. Saurayin da ke kallon inji yana jin daɗi ya fi mini wanda ba abin da ke burge shi.

Amma na ce masa mu yi lissafi. Dokar Amurka tana barin a shigo da motar da ta cika shekara 25 ba tare da sharuɗɗan sabuwar mota ba, saboda haka duk shekara sai wani samfurin ya cika, masu dala su yi caa a kansa a kasuwannin gwanjo na Japan, kuɗinsa ya yi sama. Da su zai yi takara da sefarsa. In ya samu, Pajero Evolution da yawancin Skyline don kasuwar Japan aka yi su, sitiyari a dama, mu kuwa a hannun dama muke tuƙi, ga manyan motoci a hanya da sai ka leƙa kafin ka wuce su. Tashar Kwatano da muka saba da ita ta yi mana nisa tun da aka rufe iyaka a 2023, kaya sai sun zagayo ta Lome da Burkina. Daga Yamai zuwa nan kilomita 900 da ɗoriya ne, kuma kowa ya san halin da hanyar Tawa zuwa Arlit take ciki, hanyar da aka shimfiɗa don uraniyom fiye da shekara 40 da suka wuce. Motar da cikinta ke kusa da ƙasa irin Supra ba za ta iso da salansarta ba. Injin turbo na fetur yana son mai mai kyau, mu kuwa sau da yawa na kwalba muke samu a bakin titi. Mitsubishi kanta ta daina ƙera Pajero a 2021, kayan gyaran samfurin da aka yi kaɗan kuwa ko a Japan sai an nema. Ranar da wata 'yar na'ura ta mutu, motar za ta kwanta a ƙofar gida wata da watanni ana jiran saƙo.

Darasin da na ɗauka daga dattawan direbobinmu shi ne, mai sayen tsohuwar mota yana sayen abu uku ne a lokaci guda: ƙarfen, da tarihin hannun da ya riƙe shi, da mutanen da za su iya tayar da shi in ya faɗi. In ɗaya ya ɓace, sauran biyun ba za su kai ka Dirku su dawo da kai ba. Saboda haka na ba ɗan yayata shawarar da zan ba kowa. In son tsohuwar motar Japan ya kama ka da gaske, ga Land Cruiser 80 da aka yi daga 1990 zuwa 1997, wadda masu yawon buɗe ido suka yi ta hawa zuwa Timiya da Iferwan, Turawa ma yanzu nemanta suke. Ka ajiye kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka kada ka taɓa, domin da zarar ka karɓi makulli sai ka canza bel ɗin inji, da tiyo-tiyon ruwa, da tayoyi, da duk wani mai da ke jikinta, ko me mai sayarwa ya rantse maka. Ka kai takardun duwan da katin mota a duba, ka karanta lambar shasi da idonka harafi-harafi. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an tabbatar zumar ce.

Akwai wata damuwa da ta fi ta ɗan yayata girma. Tsofaffin injunan nan masu sauƙin kai suna ƙarewa, sababbin Hilux da ke shigowa kuma kwamfuta ce ke sarrafa mansu, ƙura da gurɓataccen gazuwal na kashe nozul ɗinsu, gyaransu sai da na'urar bincike. Masu garejin da suka koyi aiki da kunne da tafin hannu suna tsufa, yaran da ke ƙarƙashinsu kuma kaɗan ne suka samu wanda ya koya musu lantarkin mota. Ina ganin ƙungiyoyin direbobi da majalisar jiha da makarantun koyon sana'a ya kamata su haɗa kai a kan wannan tun yanzu: a sayi na'urorin, a kawo masu koyarwa, a zaɓi samari irin waɗanda ke kwana kallon Skyline a waya a damƙa musu. Motocin da za su ratsa Tenere nan da shekara goma sun riga sun fito daga masana'anta, wasunsu ma sun shigo gari.