Gizo Ma Ya Cancanci Zinariya

A 1999 ƙasar Kanada ta buga tsabar dala biyu mai hoton makaɗin Inuwit, zanen Germaine Arnaktauyok, domin murnar kafa yankin Nunabut. Har da ta zinariya aka yi wa masu tarawa. Da na ga hotonta sai na tuna kakata a Tambuwal, wadda ta ajiye anini da taro cikin ƙwarya tsawon shekaru, alhali ko goro ba su saye. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Harshe ya riƙe abin da kasuwa ta yar.

Mu fa? A 2007 Babban Bankin Nijeriya ya cire ajami daga ƙananan takardun naira, rubutun da almajirin Kebbe ke karantawa ba tare da tafinta ba. Zinariya kuwa ga ta nan Zamfara, inda gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a 2010.

Ina kira ga bankin da ya sayi wadda aka haƙo bisa ƙa'ida, ya buga tsabar tunawa: Gizo da Ƙoƙi a fuska ɗaya, dagin Arewa da ajami a ɗayar, maƙeranmu su zana, a kuma rubuta sunayensu.