WA KE RUBUTA DOKAR MOTA A TURAI?

'Yan'uwa, ku kasa kunne. Turawa sun daɗe suna yi mana wa'azi: a buɗe kasuwa, kowa ya kawo hajarsa, mai kyan kaya ya ci riba. To, mu leƙa gidan mai wa'azin.

A shekarar 2013 ƙasashen Turai sun daidaita za su rage hayaƙin motoci. Gwamnatin Jamus ta Angela Merkel ta hana a kaɗa ƙuri'a, don sharaɗin ya yi wa manyan motocin BMW da Daimler tsauri. A watan Oktoba na shekarar, iyalan Quandt, masu babban rabo cikin BMW, suka ba jam'iyyarta kyautar Yuro 690,000. Wai babu dangantaka. Mu dai mun san sunan goron da ake kai wa alƙali ana tsakiyar shari'a.

A 2015 asiri ya tonu, kuma a Amurka aka tona shi. Kamfanin Volkswagen ya dasa wata dabara cikin motocin gazuwal miliyan 11. In mota ta gane ana gwada ta, sai ta rage hayaƙi. In ta hau hanya, sai ta sake shi. Mudu biyu ke nan, ɗaya na nuna wa sarkin kasuwa, ɗaya na auna wa talaka. Me aka yi? Ba a cika wata biyu ba wakilan ƙasashen suka yarda sababbin motoci su wuce iyakar doka ninki biyu da ɗoriya a kan hanya. An kama mai algus, sai aka gyara mudu ya dace da shi!

Da Sin ta zo da motocin lantarki masu araha, wa'azi ya ƙare. A 2024 aka ƙara musu kuɗin duwan har kashi 35.3 cikin 100, ban da kashi 10 na da. Faransa ta goyi baya, tana tsaron Renault. Jamus ta ƙi, don masu motocinta na cin kasuwar Sin. Kowace ubangidanta take bi.

Mu kuwa ina rabonmu? Motar da ta tsufa, dokarsu ta kore ta daga titi, ita ake lodo a jirgin ruwa zuwa gaɓar Afirka, ta ƙare a tashar Maraɗi ko ta Damagaram, yaranmu na shaƙar hayaƙinta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna a 2020 cewa Turai ce kan gaba wajen fitar da su.

A karanta wannan a taron kowane reshe ran kasuwa. A gayyaci direbobi da makanikai, su faɗi da bakinsu motar shekara nawa suke ja.