Sallama ta Bayan Labule

Wata 'yar makaranta ta tambaye ni ko na ji tsoron jirgin sama ran da zan tafi Makka. Na ce, yarinya, ai ba jirgi ne ya hana ni barci ba.

Kun san annobar korona ta tsare maniyyatan ƙasashen waje a 2020 da 2021. Da aka buɗe hanya a 2022, sai Saudiyya ta ce mutum miliyan ɗaya kaɗai, ban da wanda ya haura shekara 65, kuma sai da allurar rigakafi da gwajin cutar cikin sa'a 72 kafin tashi. Gwaggona, wadda muka yi adashin tare, shekaru suka kayar da ita. Ita ta ɗaure mini kaya, da takunkumi a fuska, tana dura yaji a gwangwani tana share hawaye.

To, ga al'adarmu ta bin dangi gida-gida neman gafara. Ni kuwa tsorona kada wata ta yi mini tari, gwaji ya kama ni, tarin shekara bakwai ya bi ruwa. Sai na shige ɗaka, ina amsa gaisuwa ta bayan labule. Maƙwabciyata ta ce wai tun ban zama Hajiya ba na soma hura hanci. Na kai mata zamzam da dabino, amma har yau gaisuwarmu sama-sama ce.

Ran da takarda ta fito lafiya lau, nan bakin asibitin na zauna daɓas, ƙafafu suka ƙi ɗaukata.

Sai wani makon.